RA'AYINMU: Ilmin Da Ajaokuta Ke Jira

A cikin shekarar 1980 ne Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari ya aza harsashin ginin ma'aikatar ƙarfe ta Ajaokuta a bakin kogin Kwara, bayan an ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Tarayyar Sobiyat mai suna Tyazhpromexport a 1979. Nufin da aka yi shi ne a fara da narka tan miliyan 1.3 na ƙarfe a kowace shekara, sa'an nan a yi ta ƙarawa har a kai tan miliyan 5.2. Yau shekara ta haura 40, amma babban tanderun da aka gina domin narka tama bai taɓa ganin wuta ba ko da ta yini ɗaya. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na soja da na farar hula. An ba da ma'aikatar haya ga wani kamfanin waje a 2004, aka karɓe a 2008, aka shiga shari'a, har a 2022 gwamnatin tarayya ta amince za ta biya dalar Amurka miliyan 496 domin a kashe maganar. A 2023 aka kafa ma'aikatar gwamnati sukutum ta bunƙasa ƙarfe, a 2024 kuma aka koma birnin Mosko aka sake sa hannu a wata takardar fahimtar juna.

Duk wanda ka tambaya dalilin wannan tafiyar hawainiya, abin da zai lissafa maka shi ne almundahana, da sauyin gwamnati, da kwangilar da aka bayar ba a kammala ba. Ba mu musa ko ɗaya ba. Amma akwai wani abu guda da ba a cika ambatonsa ba, wanda kuwa ko da an kawar da waɗannan duka yana nan daram, watau ƙarancin mutanen da suka san abin da ke faruwa a cikin tanderu in an rufe shi an hura wuta. A kan wannan ne muke so mu ja hankalin mahukunta, da iyaye, da samarinmu masu shirin shiga jami'a.

Ilmin sarrafa ƙarafa yana tsaye ne bisa ƙafa biyu. Ta farko Turawa na ce da ita tamodainamis, watau ilmin zafi da aikin da zafi ke yi. Tambayar da wannan fanni yake amsawa ita ce: in an haɗa abu kaza da abu kaza a zafi kaza, sauyin da ake nema zai yiwu ko ba zai yiwu ba? In zai yiwu, a ina zai tsaya? Ta biyun kuwa sunanta kainetis, watau ilmin saurin sauyi. Tambayarta ita ce: to, mun ji zai yiwu, amma cikin minti nawa, ko awa nawa, ko shekara nawa? Wanda ya riƙe ta farko ya saki ta biyu zai zauna gaban tanderu yana jiran abin da sai jikokinsa za su gani. Wanda kuwa ya riƙe ta biyu kaɗai, zai ƙare dukiyar ƙasa yana gaggauta abin da tun asali ba mai yiwuwa ba ne.

Misali mafi sauƙi shi ne tsatsa. Lissafin fanni na farko ya tabbatar cewa duk ƙarfen da ke duniya so yake ya koma tama, domin ƙarfe da iskar oksijin sun fi zama lafiya in suna haɗe. Gadar Jabba da titin jirgin ƙasa da fartanyar manomi duk kan hanyar komawa ƙasa suke. Abin da ya sa muke cin moriyarsu shi ne tafiyar tana da nawa, kuma fenti da shafen tutiya da ake yi wa kwanon rufi suna ƙara mata nawa. Mazauna Ikko sun san kwanon da zai shekara da shekaru a Sakkwato ba ya yin rabin haka a bakin teku, saboda laima da gishiri. Makomar ƙarfen ɗaya ce a garuruwan biyu, saurin ne ya bambanta.

Ba a dare ɗaya aka tara wannan ilmi ba. Wani Bafaranshe mai suna Sadi Carnot ne ya fara lissafa iyakar aikin da za a iya samu daga zafi a 1824. Tsakanin 1876 da 1878 wani malami na Jami'ar Yale a Amurka, Willard Gibbs, ya fitar da ma'aunin da ake gane ko sauyi zai auku da kansa, kuma ya buga aikin nasa a wata mujalla da ba ta da masu karatu sosai, har sai da aka juya shi zuwa Jamusanci a 1892 kafin Turai ta farga da abin da ke ciki. A 1889 Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya nuna yadda ƙarin zafi kaɗan yake ninka saurin sauyi. A 1944 kuma Harold Ellingham na Ingila ya tattara lissafin Gibbs ya zuba shi a zane ɗaya tak, wanda har gobe shi ne fatihar duk ɗalibin wannan fanni.

Ya kamata mu tsaya kan zanen nan na Ellingham, domin shafi guda ne amma ya ƙunshi tarihin ma'adinan ƙasar nan. An jera ƙarafa ne bisa ga yadda kowane yake riƙe iskar oksijin. Zinariya ba ta riƙe ta ko kaɗan, shi ya sa ake samunta tsurarta a cikin yashi, a wanke kawai. Kuza da tagulla riƙon nasu sako-sako ne, gawayi na ƙwace iskar daga gare su ba wuya, saboda haka mutanen Liruwe suke narka kuza tun kafin Bature ya taka Jos. Baƙin ƙarfe ya fi su riƙo, gawayi ba ya rinjayarsa sai zafi ya haura wajen digiri 700 na ma'aunin santigired. Sanholo kuwa, wanda ake tukwane da jiragen sama da shi, riƙonsa ya kai inda gawayi ba ya iya masa kome sai wajen digiri 2,000, abin da ba tanderun kasuwanci da zai jure. Don haka tun 1886 da wutar lantarki ake raba shi da tamarsa, kuma kowane kilo ɗaya yana shan abin da ya kai kilowat-awa 13 zuwa 15. Wanda ya san wannan ya san cewa ma'aikatar sanholo ta Ikot Abasi, wadda ta fara aiki a 1997 ta tsaya a 1999, rayuwarta duka a hannun iskar gas da lantarki take, kuma duk ranar da wuta ta yanke na 'yan sa'o'i, abin da ke cikin tukwanen zai daskare ya lalata su.

To, mu koma Ajaokuta. Tanderun da aka gina can irin dogon nan ne mai kama da hasumiya, wanda ake zuba tama da gasasshen kwal da dutsen farar ƙasa ta sama, a busa iska mai zafin da ya haura digiri 1,000 ta ƙasa. Ƙarfe tsantsa ba ya narkewa sai a digiri 1,538, amma in ya sha sinadarin kabon daga kwal har kashi 4.3 cikin ɗari, sai ya narke tun a wajen digiri 1,150, ya gangara ƙasa, kashin maƙera ya taso samansa a kwashe. Irin wannan tanderu in aka hura shi ba a kashewa, dare da rana, salla da aiki, shekara 10 ko fiye. Kowane tan ɗaya na ɗanyen ƙarfe yana cin kimanin tan ɗaya da rabi na tama mai kyau da kusan rabin tan na makamashi. In abincinsa ya yanke, ko aka ba shi wanda bai dace ba, sai ya shaƙe, kuma buɗe shi aiki ne na watanni.

Ina abincin? Tamar Itakpe da aka dogara da ita, ƙarfen da ke cikinta bai wuce wajen kashi 36 cikin ɗari ba, sauran galibi yashi ne. Tanderun kuwa yana bukatar abin da ya haura kashi 60. Dole ke nan a niƙa dutsen a tace shi, garin da aka samu kuma a sake dunƙule shi da wuta, domin in aka zuba gari haka nan zai toshe hanyar iska. Kwal ɗin Inugu da muke taƙama da shi tun 1916 yana ci da wuta, amma in an gasa shi ba ya dunƙulewa ya yi ƙwarin da zai ɗauki nauyin kayan da ke samansa a cikin tanderu. Na Lafiya da Obi a Jihar Nasarawa yana dunƙulewa, sai dai toka da farar wuta sun yi masa yawa, ita farar wuta kuwa in ta shiga ƙarfe sai ya riƙa tsagewa tun yana ja a bakin injin mulmulawa. Kashi nawa na kwal ɗin gida za a iya gauraya da na waje ba tare da an ɓata aiki ba? Dutsen farar ƙasa nawa za a ƙara domin kashin maƙera ya tsotse farar wutar, kuma wane ƙarin makamashi wannan zai jawo? Waɗannan tambayoyi ba minista ne zai amsa su ba, ba kuma ɗan kwangila ba. Baƙon da ya sayar mana da injin ma amsar da ya sani ta tamar ƙasarsu ce da kwal ɗin ƙasarsu.

Ga kuma tamar Agbaja, nan kusa da Lokoja, wadda ta fi ta Itakpe yawa nesa ba kusa ba, amma an daɗe ana kewaye ta saboda sinadarin fosfaras da ke cikinta. Lissafi ya nuna cewa a cikin dogon tanderu kusan duk fosfaras ɗin ƙarfe yake bi, ba ya bin kashin maƙera, ƙarfe mai fosfaras kuwa gautsi gare shi, yana karyewa kamar kasko. Wannan matsala ita ce ta kusa kashe hanyar Henry Bessemer ta tace ƙarfe bayan ya shelanta ta a 1856. Sai a 1878 wasu samari biyu 'yan'uwan juna, Sidney Thomas da Percy Gilchrist, suka gano cewa in aka shafe cikin tukunyar da dutsen dolomait aka kuma zuba farar ƙasa, fosfaras zai bar ƙarfe ya koma kashi. Shi Thomas akawun kotu ne a Landan, da dare yake karatun kimiyya. Da wannan dabara tasa Jamus da Faransa da Beljiyam suka ci moriyar tamar Lorraine da dā ake ganin ba ta da amfani, kashin da aka kwashe ma aka niƙa aka sayar wa manoma a matsayin taki. Akawu ɗaya da ɗan'uwansa sun buɗe wa nahiya guda arzikin da ke ƙarƙashin ƙafarta. Agbaja na nan tana jiran nata akawun.

A Aladja ta Jihar Delta, inda aka buɗe ma'aikatar ƙarfe a 1982, wata hanya dabam aka bi. Can ba a narka tamar, iskar gas ake ratsa ta da ita a zafin digiri 800 zuwa 900 har ta zare oksijin ta bar ƙarfe mai kama da soso, daga baya a narka shi da lantarki. A nan fanni na biyu ne sarki, domin sai iskar ta kutsa ta ramukan kowane dunƙule har tsakiyarsa, kuma ƙa'idar kutsawa ita ce in ka ninka zurfi sau biyu, lokaci zai ninka sau huɗu. Shi ya sa ake dunƙule tamar ƙanana kamar gurjiya. Da yake kuma ba a narkawa, yashin da ke ciki ba shi da hanyar fita, saboda haka sai tamar da ta kai wajen kashi 67 cikin ɗari. Wannan ne ya sa Aladja ta yi shekaru tana sayo tama daga Laberiya da Barazil, alhali ga duwatsun Itakpe a cikin gida. Da Aladja ta yi rauni, ma'aikatun mulmula ƙarfe na Katsina da Jos da Oshogbo, waɗanda aka gina kowace don tan 210,000 a shekara, suka rasa sandunan da za su mulmula.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zance na manyan ma'aikatu ne kaɗai. Yawancin rodin da ake gini da shi a ƙasar nan yanzu daga tsofaffin ƙarafa ake narka shi, irin waɗanda 'yan'uwanmu masu sana'ar gwangwan suke tarawa a Ikko da Ogun da Kano su auna wa masana'antu. Sana'a ce ta halal, tana kuma ciyar da dubban gidaje. Amma a cikin tarin nan akwai wayar tagulla da gwangwanin da aka shafe da kuza, kuma zanen Ellingham ya nuna ƙarara cewa waɗannan biyu ba sa fita ta hanyar busa oksijin, domin ƙarfen ne zai riga su ƙonewa. In sun shiga sun shiga ke nan. Maganin kawai shi ne a tsince su tun kafin a zuba, a kuma auna kowane narki kafin a zuba shi a mazubi. Ma'aikatar da ba ta da mai wannan sani, ko tana da shi amma ba a jin maganarsa, rodi za ta fitar mai kyan gani wanda ba a gane halinsa sai an ɗora masa bene. Duk lokacin da gini ya rufta aka shiga tonon gawarwaki, a cikin abubuwan da masu bincike ke dubawa har da rodi.

Kakanninmu ba baƙi ba ne a wannan fage. A Taruga, kusa da Abuja, an tono tanderun narka tama na mutanen Nok da suka girmi haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru, kuma tarihin Kano ya nuna tama ce ta jawo maƙeran farko gindin Dala. Maƙerin da ya gasa bakin gatari har ya yi ja, ya tsoma shi a ruwa, sa'an nan ya sake ɗumama shi kaɗan yana duban launi, aikin fanni na biyu yake yi ko bai san sunansa ba. In ƙarfe mai kabon ya haura digiri 727 tsarin cikinsa yakan sauya. Aka bar shi ya huce a hankali, sai ya koma mai taushi. Aka tsoma shi a ruwa, sai a hana shi lokacin komawa, ya ƙage yana da tauri ƙwarai amma da gautsi, ɗumamawar ta biyu ce ke rage gautsin. A 1930 Edgar Bain da Edmund Davenport suka auna wannan da agogo da ma'aunin zafi suka mai da shi zane. Bambancin da ke tsakaninsu da maƙerinmu shi ne, shi idonsa da hannunsa ne ma'auni, yana iya gatari ɗaya a lokaci ɗaya, in ya mutu kuma ya tafi da rabin abin da ya sani. Tan dubu a yini ba ya yiwuwa da ido.

Ƙasashen da suka yi nasara sun gane haka tun da wuri. Indiya ta kafa ɗakin binciken ƙarafa na ƙasa a Jamshedpur a 1950, shekara 9 kafin ma'aikatar Bhilai, wadda Rashawan nan dai suka taimaka aka gina, ta fara aiki a 1959. A 2023 Indiya ta narka fiye da tan miliyan 140, ba wanda ya fi ta sai Sin. Koriya ta Kudu ba ta da tamar kirki ba ta da kwal ɗin gasawa, amma ta kafa kamfanin POSCO a 1968, ta fitar da ƙarfen farko a 1973, a 1986 kuma kamfanin ya gina jami'a tasa ta kimiyya a garin Pohang. Mu ma mun fara bin wannan hanya. An kafa hukumar bunƙasa ƙarfe a 1971, an tura samari da yawa horo Rasha da Indiya, an buɗe cibiyar binciken ƙarafa a Jos, da makarantar horo a Onica, da hukumar neman albarkatun ƙarfe a Kaduna. Waɗancan samari yau dattawa ne, wasu sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya, ba tare da sun ga ruwan ƙarfe ya kwararo daga tanderun da aka horar da su dominsa ba. Wannan asara ba ta cikin lissafin kowane kwamitin bincike, mu kuwa a ganinmu ta fi ta kuɗin ciwo.

Jami'o'inmu, irin su ta Ahmadu Bello a Zariya, da ta Ikko, da ta Ife, da ta fasaha a Akure, suna da sassan koyar da injiniyancin ƙarafa. Sai dai sanin kowa ne cewa yaro mai ƙoƙari likitanci yake nema, ko injiniyan man fetur, ko kwamfuta, sashen ƙarafa kuwa sau da yawa sai wanda aka turo bayan ya rasa gurbi a wani wuri. In ya shiga kuma, darasin tamodainamis shi ne dodon da ake gudu, a haddace lissafi a zuba a takardar jarrabawa a manta. Laifin ba na ɗalibai ba ne kaɗai. Ilmin zafi ba ya zama a ƙwaƙwalwa in ba a taɓa tsayawa gaban tanderu an auna da hannu ba, ɗakin gwajin da lantarkinsa ke ɗaukewa tsakiyar aiki kuwa ba zai ba da sakamakon da za a dogara da shi ba, tun da gwajin saurin sauyi yana bukatar zafi ya tsaya cak na sa'o'i.

Bugu da ƙari duniyar ƙarfe ba ta tsaya jiranmu ba. Narka ƙarfe ne ke fitar da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na hayaƙin kabon da ke ɗumama duniya, don haka manyan ƙasashe suna neman hanyar barin kwal. A 2021 Suwidin ta fitar da ƙarfen farko da aka zare oksijin ɗinsa da iskar haidurojin. Nijeriya tana da iskar gas mai yawa, an kuma fara shimfiɗa bututunta daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano a 2020. Saboda haka akwai babbar shawara a gabanmu: a hura tsohon tanderun da kwal ɗin da za a riƙa sayowa da kuɗin waje, ko a karkata ga hanyar gas? Kowace hanya tana da lissafinta na zafi da lokaci da kuɗi, kuma in ba mu da 'yan ƙasa da za su zauna su yi wannan lissafi su ce wa baƙo ka yi daidai a nan, ka yi kuskure a can, to, abin da mai sayarwa ya ga dama shi za mu saya.

Don haka muna kira ga gwamnatin tarayya da ta sa sharaɗi a cikin duk yarjejeniyar da za ta ƙulla kan Ajaokuta da Itakpe, cewa a ware wani kaso na kuɗin domin ɗakunan gwaji na jami'o'i da cibiyar Jos, da lantarkin da ba ya yankewa, kuma a ba malamanmu da ɗalibansu tamar Agbaja da kwal ɗin Obi su zama abin bincikensu na digiri. A nemo dattawan nan da aka horar a Rasha da Indiya, waɗanda ke raye, a sa su a aji tun suna da ƙarfin tsayuwa. Hukumar kula da ingancin kaya ta tilasta wa kowace ma'aikatar rodi ta ajiye ƙwararren masanin ƙarafa wanda zai sa hannu a kan kowane narki da sunansa. Gwamnatocin jihohi kuwa, musamman Kogi da Nasarawa da Filato da Kaduna da Katsina, waɗanda ma'adinan ko ma'aikatun ke ƙasarsu, su keɓe guraben tallafin karatu ga wannan fanni, su kuma fara daga makarantun sakandare, inda ƙarancin malaman fizis da kemistiri da lissafi yake tare yaro tun kafin ya ji sunan Gibbs.